Fim ɗin Burusli na tsibiri: daɗi ne da shi da gaske, ko ƙuruciya ce ta ruɗe mu?

Baban Walida:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau da takaici na zo. Jiya bayan isha'i aka kawo wuta, na ce bari in nuna wa yarana abin da ya hana mu barci muna yara. Na sa musu Enter the Dragon na Bruce Lee, wanda mu dai Burusli muka san shi. Na gyara zama, na ce yau za su ga maza. Wallahi ko minti 20 ba a yi ba babban ya zaro waya, ƙaramin ya ɓingire a kan tabarma, ita kuwa Walida tambaya ɗaya ta dame ni da ita: wai Baba, me ya sa yake kukan mage in zai yi duka? Ni kaɗai na kai ƙarshe. Kuma tsakani da Allah, da aka zo ɗakin madubai sai da tsigar jikina ta tashi kamar ban taɓa gani ba. To ku raba mu. Fim ɗin nan yana da daɗi da gaske, ko mu ne dai ba mu ga komai ba a lokacin?

Kawu Na Fagge:
Wa alaikumus salam. Baban Walida, laifinka ne. Ka ɗauki abin da aka yi don taron jama'a ka kai shi falo, yara uku da fanka. Ni a Plaza na fara ganinsa wajen ƙarshen shekarun 1970, sinima ba rufi, sama a buɗe, muna kan benci a gaba wajen masu arha, wuya ya ƙage don ɗaga kai. Turancin ba ji muke ba, ba ma bukata. Da ka ga fuska ka san akta, ka san bos. In ya tuɓe riga wurin gaba ɗaya sai ya ɗau ihu, har ba ka jin abin da ake faɗi a allon. Ana tashi kuwa, daga bakin ƙofa har Ƙofar Mata kowa ya zama Burusli. Wando nawa aka yaga a daren nan wajen ɗaga ƙafa, Allah kaɗai ya sani. Ni kaina sai da na sha bulala a kan wani sabon wando na sallah.

Ɗan Autan Mama:
Kawu, a yi mini afuwa, amma yaran Baban Walida sun fi ku gaskiya. Na kalle shi bara saboda yawan zuzuta shi da kuke yi. Rabin farko duk tafiya ce a jirgin ruwa da cin abinci da surutu. Mutum 30 sun kewaye shi amma ɗaya bayan ɗaya suke zuwa kamar masu layin awo. Wanda ya kalli Ip Man na Donnie Yen ko Ong-Bak me zai tsinta a nan? Sannan shi kansa Buruslin, ku gaya mini gasa nawa ya ci a gaban alƙalai. Ɗan fim ne kawai.

Kawu Na Fagge:
Auta, shi Ip Man ɗin da kake tinƙaho da fim ɗinsa, ka san malamin wa ne?

Ɗan Autan Mama:
Na sani Kawu, malaminsa ne. Amma ai malami daban, fim daban.

Malam Na Tudun Wada:
Bari in sa baki, don akwai abin da Auta ya faɗa daidai, akwai kuma inda ya zame. Gaskiya ne Burusli bai yi sana'ar faɗa a zobe kamar Muhammad Ali ba. An haife shi a San Faransisko ta Amurka a 1940, ya tashi a Hong Kong, mahaifinsa ɗan wasan kwaikwayo ne, shi ma tun yana yaro yake fitowa a fim. Har gasar rawar cha-cha ya ci a Hong Kong a 1958, wanda ya lura da yadda yake rawar ƙafa kafin ya kai hari zai gane inda abin ya samo asali. Salon Wing Chun ya koya a wurin Ip Man, daga baya ya koma Amurka ya buɗe makaranta, ya fito da nasa salon da ya kira Jeet Kune Do, wanda gaba ɗayansa hujja ce a kan cewa kada mutum ya ɗaure kansa da salo guda.

To Auta, koma ka kalli faɗan farko na fim ɗin, tun kafin a rubuta sunaye. Shi da wani mai ƙiba, Sammo Hung ke nan yana saurayi. Dubi safar hannun da suka sa, mai yatsu a buɗe. Dubi yadda faɗan ya ƙare: ba da naushi ba, kayar da shi ya yi ya murɗe masa hannu har ya sallama. A 1973 ke nan. Gasar faɗa ta UFC ɗin da kuke kwana kallo a waya sai 1993 aka fara ta. Shekara 20 tsakani.

Maganar masu zuwa ɗaya bayan ɗaya kuwa, na ba ka. Amma har gobe haka ake yi a finafinan da ka lissafa, kyamara ce kawai ta koyi ɓoye layin.

Ɗan Autan Mama:
Wannan na safar hannu ban lura ba, Malam. Zan duba. Amma ban janye ba tukuna.

Jikan Mahauta:
Ni fa duk wannan hayaniya dariya take ba ni. Mutumin da bai fi buhun masara nauyi ba. A ɗaure wa Shago kara a zamaninsa, a sa su a fili, turmin farko za a yi kisa a watse. Mu da muka gaji abin mun san bambancin duka da rawa.

Kawu Na Fagge:
Kai kuma ka zo da naka. Ɗan dambe hannu ɗaya yake ɗaurewa, ɗayan na kariya. Kafin ya auna ya saki, ƙafa ta sauka a kunnensa sau biyu.

Jikan Mahauta:
Kawu, su wa suka ce maka ba a shuri a dambe? Ka zo gidan dambe ranar Lahadi ka ga ƙafa.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan magana. Shago da Burusli duk sun riga mu gidan gaskiya, ba mai haɗa wannan wasa.

Maman Sadik:
Ku duk labarin sinima kuke, mu mata wa ya bar mu muka je? A unguwarmu yarinya ta taka ƙofar sinima ai ta gama auruwa. Ni a kaset na gan shi, a gidan maƙwabcinmu da ya fara sayen bidiyo, mu kusan 20 a tsakar gida an turo talabijin bakin taga. Kuma ni ce na biya kuɗin kallon da jikina, don yayyena maza uku a kaina suke gwaji. Ɗaya ya sare muciyar Inna gida biyu ya haɗa da sarƙar keke wai nancaku, ranar farko ya fasa wa kansa ƙeya, sai da aka yi masa ɗinki.

Amma abin da ya zauna mini a rai daban ne da naku. Ƙanwar Burusli a fim ɗin. Ba ta fi 'yan mintuna a fim ɗin ba, cikin labarin da dattijon nan yake ba shi. Ƙattin O'Hara, mai tsaron bos ɗin tsibirin, suka biyo ta lungu lungu, tana gudu tana juyowa tana zubar da su, tana buga ƙofofi, wata mata ta leƙo ta gan ta sarai ta ja tagarta ta rufe. Da suka ritsa ta a wani ɗakin ajiya ta ɗauki fasasshen gilashi, ta gwammace mutuwa da su taɓa ta. Ban taɓa ganin mace tana dukan maza haka ba kafin ranar. Na yi kuka, kuma na ji haushin masu fim ɗin, har yau ina ji. Mace mai wannan ƙafa, sai a kashe ta don kawai a samar wa yayanta dalilin fushi?

Malam Na Tudun Wada:
Angela Mao sunanta, Hajiya, 'yar Taiwan. Ba 'yar rakiya ba ce, a lokacin tana da finafinan da ita ce jarumar gaba ɗaya, akwai Hapkido na 1972. Ki nema, za ki huce.

Maman Sadik:
Allah ya saka, Malam. Ashe shekara da shekaru ina jin haushi ga magani a kusa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan wajenmu sunansa Opération Dragon, kuma Faransanci Burusli yake ji, tas kamar ɗan Paris. Sai da na girma na je Kano na ji shi da Turancin Ingilishi, na ce wannan ba muryarsa ba ce, an canza masa. Abokina ya yi ta dariya. Abin da ba a iya fassarawa shi ne kukan nan da 'yar Baban Walida ta raina. Da Faransanci da Ingilishi duk iri ɗaya ne, kuma shi yara suka ɗauka. A filin lakwal ba wanda ya haddace magana ko ɗaya, amma kowa ya iya kukan da shafa hanci da babban yatsa.

Abu Hafsa:
Ni tambayata ga Baban Walida ce, da girmamawa. Ka tuna akwai wurin da ake jero mata ana kai wa baƙi ɗaki su zaɓa? Akwai tsiraici, akwai ƙwaya. Iyayenmu da suka hana mu sinima ba hauka suke ba. Mu daina yi wa abin ado don kawai ya tsufa.

Baban Walida:
Gaskiyarka Abu Hafsa, kuma na tsallake wuraren, rimot na hannuna. Na ma manta da su sai da suka taho, ka ga ai shaida ce cewa ba su muka je kallo ba. Amma ka lura shi jarumin ko kallon matan bai yi ba. Wadda ya zaɓa ma 'yar leƙen asiri ce da aka tura tsibirin kafin shi, magana kawai suka yi.

Abu Hafsa:
Shi bai kalla ba, kyamara ta kalla, mu ma muka kalla. A dai riƙa faɗa wa mutane kafin su kunna a gaban yara.

Malam Na Tudun Wada:
Wannan gyara ne mai kyau. Amma ni ƙorafina a kan fim ɗin wani ne, kuma shi ya sa ba na sa shi a gaba cikin finafinansa. Ku duba wa ya aike shi tsibirin. Wani Bature ne mai suna Braithwaite, jami'in leƙen asiri, ya zo har haikalin Shaolin, aka zauna shan shayi, ya ba shi aiki. A lokacin Hong Kong tana hannun Ingila, ba ta koma Chaina ba sai 1997. Kuma ga wani abin da zai ba ku mamaki: Lugga ɗin nan namu, wanda ya ci Kano da Sakkwato a 1903, shi ne gwamnan Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, kafin a dawo da shi ya haɗe Kudu da Arewa a 1914. Uban gidanmu ɗaya da su.

To a Fist of Fury na 1972, Burusli ɗalibi ne a Shanghai da aka kashe wa malami, 'yan Japan suka kawo musu allo har makaranta an rubuta cewa 'yan Chaina ne marasa lafiyar Asiya. Ya ɗauki allon ya mayar musu, ya daki makarantar gaba ɗaya, ya sa biyu suka tauna takardar. Wannan fushin na gane shi, duk wanda aka taɓa rainawa a ƙasarsa ya gane shi. A na tsibiri kuwa an wanke shi, an yi masa kwalliyar James Bond don kamfanin fim na Warner Brothers ya sayar wa Amurkawa. Har Bature suka haɗa masa, John Saxon, don suna tsoron ɗan Chaina shi kaɗai ba zai cika musu sinima ba.

Kawu Na Fagge:
Malam, iliminka ya fi nawa, amma a nan ban bi ka ba. Mu a benci ba wanda ya san sunan Baturen nan, ba wanda ya damu da shi. Abin da muka gani shi ne tsibirin da aka hana shiga da bindiga. Ka gane? Duk finafinan kaboyi da muka saba, mai bindiga ne sarki, kuma bindiga ta mai kuɗi ce da hukuma. Nan kuwa an ajiye ta gefe, an ce kowa ya zo da abin da Allah ya ba shi. Sai ga ɗan siririn mutum, ba doki ba mota, ko riga babu, ya fi kowa. Yaron da ke dako a Kantin Kwari ya dubi hannunsa ya ga irin nasa ne. Abin da muka saya da sulallanmu ke nan.

Kuma ka ce an wanke masa fushi? Koma wurin O'Hara. Mutumin da ya yi sanadin ƙanwarsa ne aka tsayar masa a gaban jama'a. Ya fasa katako a iska don burga, shi ko gezau. Aka haɗa hannu, kafin ƙiftawa O'Hara na ƙasa. Aka sake, haka. Aka sake, haka. Bai yi gaggawa ba, wulaƙanta shi yake a tsanake. Har ya juya zai tafi, wancan ya fasa kwalabe biyu ya taso. Da ya tashi sama ya dira a kansa, ba a nuna mana gawar ba, fuskarsa aka nuna. Fuskar nan tana rawa, kamar zai yi kuka, kamar ya ji daɗi, kamar ya tsani kansa. Na ga wannan wuri ya fi sau 30 ban gama karanta fuskar ba. Duk ihun sinima a nan ake yin tsit.

Malam Na Tudun Wada:
Kawu, na sara maka a kan wannan. Kuma kwalaben na gaske ne, a wajen ɗauka sai da suka yanke shi a hannu aka dakata da aiki. Amma ban sauka daga kan Fist of Fury ba.

Bature Baƙi:
Ba wanda zai yi maganar Williams? Mu shi muka je gani. Baƙar fata, tulin gashi, tafiya da taƙama, 'yan sanda fararen fata suka tare shi a hanya ya lallasa su ya tafi da motarsu. Jim Kelly ke nan, kuma shi zakaran kareti ne na gaske, ya ci gasa a Long Beach a 1971. Yayana har gashi ya tara saboda shi, Baba ya kai shi wurin wanzami da kansa. Sai ga shi tun ba a je ko'ina ba Han, bos mai tsibirin, ya kashe shi da hannun ƙarfe, aka rataye gawarsa. Shi kuwa Baturen, John Saxon, ɗan caca mai bashi a wuya, shi aka bari da rai, har aka ba shi Bolo, babban ƙaton Han, ya kashe. Bolo fa! Mai ƙirji kamar ƙofar gari. Wa zai yarda?

Jikan Mahauta:
Yauwa. Ko ni na san wannan cuwa-cuwa ce. Bolo da akta ya kamata su haɗu.

Ɗan Autan Mama:
To kun gani, da bakinku kuna ta fito da ramukan fim ɗin. Bos ɗin ma tsoho ne, faɗan ƙarshe ba kunnen doki ba ne.

Malam Na Tudun Wada:
Tsoho ne, Shih Kien yana da shekara 60 a lokacin, ya daɗe yana fitowa a mugu a finafinan Wong Fei-hung, kuma ba ya jin Turanci, wani ne ya yi masa murya. Masu fim ɗin sun san ba zai iya tsayawa da mai shekara 32 ƙafa da ƙafa ba. Shi ya sa aka ba shi hannun da ake cirewa a sauya, yau farce gobe wuƙaƙe, aka kuma shigar da su ɗakin madubai. A can sauri ba ya amfani, tunda ba ka san wanne ne mutum wanne ne hoto ba. Sai da ya bi madubin yana farfasawa ɗaya bayan ɗaya sannan tsohon ya rasa maɓoya. Rauni ne suka mayar dabara, kuma shi ne wurin da kowa ya fi tunawa.

Kawu Na Fagge:
Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Wanda jikana ya nuna mini a waya, a ɗakin madubin ana jin muryar malaminsa tana yi masa tuni. Ni ban san wannan ba a da. Ko tsufa ne?

Malam Na Tudun Wada:
Ba tsufa ba ne, Kawu. An yanke doguwar hirarsa da babban malamin haikali a wanda aka fara fitarwa, sai a 1998 da fim ɗin ya cika shekara 25 aka mayar da ita, har da muryar. Kai na asali ka gani. A Ingila ma wurin nancaku aka yi shekaru ana yankewa, don kada yara su kwaikwaya.

Maman Sadik:
Da sun yanke mana mu ma, da muciyar Inna ta tsira.

Ɗan Damagaram:
To ni ku warware mini mutuwarsa. Mu an ce mana malaman Shaolin ne suka taɓa shi a wata jijiya don ya tona asirinsu, wasu suka ce guba.

Malam Na Tudun Wada:
Ranar 20 ga Yuli 1973 ya rasu a Hong Kong, kumburin ƙwaƙwalwa, bayan ya sha wani maganin ciwon kai ya kwanta. Tun a watan Mayu ya taɓa faɗuwa yana cikin aikin sa murya na wannan fim ɗin. Binciken hukuma bai ce kashe shi aka yi ba. Kabarinsa na Seattle a Amurka. Abin tausayin shi ne fim ɗin da aka yi da kimanin dala 850,000, wanda ya kai shi inda ya yi shekaru yana nema, sai a watan Agusta aka buɗe shi a Amurka, bai ga ko layin masu sayen tikiti ba. Mu nan duk gawa muka yi ta yi wa tafi ba mu sani ba.

Kawu Na Fagge:
Wallahi ba mu sani ba. Shekaru muna kallon sababbin finafinansa, ashe wasu ne. A fasta a rubuta Bruce Li, ko Bruce Le, mu kuwa a bakinmu duk Burusli ne. Sai an fara ka ga fuskar kamar shi kamar ba shi ba, ka ce ko rashin lafiya ya yi. Kuɗinmu dai sun tafi.

Ɗan Autan Mama:
Na koma na duba faɗan farko da na O'Hara. Fuskar nan kam, Kawu, ban da ta cewa. Kuma na tsinci Jaki Chan a cikin masu gadin ƙarƙashin ƙasa, an kama gashinsa an karya masa wuya. Amma har yanzu rabin farko barci ne.

Kawu Na Fagge:
Har da wurin da ya yaudari mai cin zalin nan ya shiga ƙaramin kwalekwale, ya miƙa wa yara igiyar? Ko yatsa bai ɗaga ba ya gama da shi. Wannan ne barci?

Ɗan Autan Mama:
Shi ma na cire shi. Saura.

Baban Walida:
Na gode jama'a. Daren jiya na sake gwadawa, amma na bi shawarar Kawu, na kira yaran maƙwabta aka cika tsakar gida, na fitar da talabijin. Rimot na hannuna, Abu Hafsa. An yi ihu daidai gwargwado. Babban nawa dai ya ce shi Bolo ne mutuminsa, ban san inda na kuskure a tarbiyya ba. Walida kuma ta sa na maimaita wurin ƙanwar sau uku, yanzu tambayarta ta canza: wai me ya sa matar nan ta rufe taga. Hajiya Maman Sadik, ke za ki amsa mata, ni na rasa.

Maman Sadik:
Ka ce mata tsoro ne. In ta ce ba ta yarda ba, ka turo mini ita.

Kawu Na Fagge:
Auta, in ka shigo gari ranar Juma'a ka biyo ta shago ka sa mini shi a waya, da wancan na Shanghai da Malam yake ta yabo. Wanda ba a yanke ba nake so.